Kwanon Kwaɗon Hajiya Ladi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maiɗakina, Hajiya Ladi, Allah Ya jiƙanta. Ta bar mu ba da daɗewa ba bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Na saba tuna ta da addu'a kawai. Bana da tsoro nake tuna ta.

A unguwarmu cikin birnin Daura har yanzu muna ciyayya. Bayan La'asar kowane gida ya fito da kwanonsa, magidanta mu zauna a ƙofar zaurena mu ci tare. An san gidana da kayan marmari. Alkakinta sai alkamar ta kwana da tsami kafin ta soya ta tsoma a zuma. Yajinta da citta da masoro ake dakawa. Amma abin da maƙwabta ke jira shi ne kwaɗo. In damina ta faɗi, takan tafi gefen gonakin hanyar Sandamu ta tsinko tafasa sabon toho, ta dafa ta zubar da ruwan farko, ta matse, ta haɗa da dakakken ƙuli, albasa, barkono da ɗan man gyaɗa. Duk wannan ta koya wa Maryam, matar ɗanmu, kafin ta kwanta ciwo.

A daminar bana Maryam ta sayo tafasa a kasuwa, ta yi kwaɗon kamar yadda aka koya mata, ba ta rage komai ba. Malam Idi maƙwabcina, dattijo mai ɗinkin hula, ya jawo kwanon gabansa yana cewa wannan hannun marigayiya ne, kowa ya nemi wani. Ni ɗan kaɗan na taɓa, saboda haƙorana.

Ba a kira Magariba ba jikarsa ta aiko a zo. Na tarar da shi kwance a tabarma, gumi ya jiƙe rigarsa, miyau na zuba, numfashi na sarƙewa. Wasu biyu cikinmu ma suna ta amai, amma nasu da sauƙi. A asibiti likita ya tambayi abin da ya ci, sannan ya ce da alama ganyen daga inda aka yi feshin maganin ƙwari aka tsinko shi, ruwan sama bai kai ga wanke shi ba.

Na zauna a bakin ɗakin da aka kwantar da shi. Ni da na shekara ina karantar da babin kisan kuskure, ina rubuta wa ɗalibai bayanin diyya da kaffara da ajami a gefen shafi, ban taɓa jin nauyinsa ba sai ranar. Ba alƙali nake tsoro ba. Tsorona in tsaya gaban Allah da ran maƙwabcina, wanda ya ci daga kwanona bisa amana, ya yi bisimilla bai tambayi komai ba. Maryam kuwa a gida ta shige ɗaki tana kuka, tana cewa ita ta kashe shi.

Da Hajiya na raye, me za ta ce? Ta san kowane ganye da ido, ta san mai ɗaci da mai illa. Amma wannan illar ba ta da launi. Ganyen da aka yi wa feshi ya fi kowane kyau a faifai. An ce rigakafi ya fi magani, to ta ina za ka yi rigakafin abin da ba ka gani? Ina jin ita ma da ta tsinko shi, kuma wannan tunanin ne ya fi hana ni sukuni.

Allah Ya tashi kafaɗun Malam Idi, sai dai hannunsa na rawa, allura ta gagare shi. Daga nan na hana kwanon gidana fita. Makonni ana ciyayya, ni ina zaune gefe da carbi. Ran nan ya dogaro sanda ya zo, ya dube ni ya ce, "Malam, tun da ganye ya kasa, da yunwa kake so ka ƙarasa ni?" Na ce masa ina tsoro. Ya ce shi ma yana tsoro, amma rai na Allah ne, kuma in kwano ya daina fita, gobe gaisuwa ce za ta daina.

Mun shuka zogale da rama a bayan gida, daga nan kaɗai Maryam ke tsinka yanzu. Hannun Hajiya ya saura a hannunta, dajin da Hajiya ta amince da shi ne babu. Kwano ya koma fita. Amma har yau, idan Malam Idi ya kai loma baki, nakan kasa ɗauke idona daga fuskarsa sai an kira salla.