Kaskon Iya

Jiya maƙwabciyata ta soya gyaɗa ta bar ta ta ƙone, ƙaurin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma. Na ce ɗiyar zamani ke nan, ko kasko ba ta iya tsarewa ba. Ni da kuke gani ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma in zancen mai ne, jikar masu shi ce ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Rogo da Karaye. Tun ba a san inji ba matan unguwarmu ke matsar man gyaɗa. In an cire gyaɗa an shanya, unguwa ta ɗau hayaƙi ke nan har bazara. A soya, a murje, a sheƙe, a daka, sannan a yi ta juyawa a turmi ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Fatake su zo da jakuna su cika tuluna, su nufi kasuwar Karaye. Maƙabartar da ke bayan unguwar ma sunanmu ta ci, maƙabartar masu mai ake ce mata.

Muna da wata al'ada. Kun san in an sa mamaci a kabari, akan jera itace da fasassun tukwane a rufe shi kafin a zuba ƙasa. To mu, da kaskon da mace ta yi suya a rayuwarta ake rufe ta. A fasa shi biyu a kifa mata. Wadda aka rufe da tukunyar aro, sai an yi shekaru ana yi wa 'ya'yanta gori. Shi ya sa in tsohuwa ta ji jikinta ya ƙi, da kanta take sa a wanke kasko a jingine bayan rumbu.

Ina da shekara takwas ko tara kakata ta kwanta. Iya muke ce mata, a ɗakinta nake kwana. Wata safiya ta kira ni ta ce, "Ke uwar rashin ji, wanke min kaskona ki kai bayan rumbu."

Na ce, "Iya, gyaɗa fa ba ta ƙare ba."

Ta ce, "Tawa ta ƙare. Tashi, ko sai na biya ki?"

Na wanke shi na jingine bayan rumbu. Sai wayon yarinta ya zo mini: in babu kasko, ai ba a rufe Iya, in kuwa ba a rufe ta, to ba za ta tafi ba. Da rana tsaka mata suna daka, na kinkime shi da ƙyar, na kai gonar kawuna na tura ƙarƙashin tarin karan dawa.

Kwana huɗu ban ci abincin kirki ba. In Iya ta yi tari sai in ruga ɗakinta, in wani ya nufi bayan rumbu sai in bi shi da ido. Ran na biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, maza suka dawo daga haƙa. Babana ya zaga bayan rumbu ya dawo hannu wofi. Aka birkice gida. Gwaggona tana kuka tana cewa wane marar tsoron Allah ne ke satar kaskon mamaciya. Liman ya aiko cewa gawa ba ta jira, a nemo kowace tukunya. Ina maƙale jikin turmi, na ga wata maƙwabciya ta shigo da tsohuwar tukunyar tuwonta. Tukunyar tuwo, a kan matar da man gyaɗarta ya kai har birni!

Sai da aka ɗaga makara bakina ya buɗe. Na riƙe rigar babana na ce, "Baba, yana gona."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce wa mutane su ɗan sauke, ya sa ni gaba muna gudu. Da ya janyo kaskon daga cikin kara ya daɗe yana dubana, na runtse ido ina jiran mari. Ya ce, "Wuce gida, mata ba sa bin gawa." Daga tsakar gida na jiyo ƙarar fasa shi.

Yanzu inji ke matsar mai, maƙabartar kuma gidaje sun matse ta ta kowane gefe, har masu babur sun fitar da hanya ta bakinta. An buɗe sabuwa can nesa, inda ban san kowa ba. Nawa kaskon yana nan, na nuna wa ɗana da surukata, har da jikoki don kada a ce an manta. Abin da ke damuna wuri ne. Mai unguwa ya ce abin da ya rage kusa da su Iya bai fi na mutum uku ba, mu kuwa tsofaffin masu mai mu biyar ne, kuma duk na fi su lafiya. In aka aiko wata ta rasu, sai in yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Sannan, Allah ya yafe mini, in tambayi ɗan aiken a ina aka haƙa.