Rawar Jiki Babu Hadari

Karenmu matsoraci ne, ban taɓa musun wannan ba. Da hadari ya haɗo sai ya shige ƙarƙashin rumbu jikinsa na ɓari. In ya faɗa gulbi da sanyin safiya haka, in maharba sun buga bindiga haka. Duk unguwarmu a Gatawa da shi ake tsokana. Amma ni da nake kiwon awaki da shi tun ina 'yar yarinya, na san jiki na rawa yake tsayawa ya yi wa kura haushi har manya su fito.

Shekarar da kuraye suka addabi mutane, wani Bature mai rangadi ya bar wa manyan gari guba. Baffana, wan mahaifina, shi ya barbaɗa ta a mushen jaki bayan gari, bai ce wa kowa ya ɗaure karensa ba.

Da hantsi karen ya dawo yana karkarwa, sama kuwa tas, ko gajimare babu. Rawar tsoro in na shafa bayansa takan lafa. Wannan ina taɓa shi sai ta ƙaru, ƙafafu suka miƙe kamar itace, yawu na dalala.

Baffa na zaune bakin zaure ya yi dariya. "Halinai na, ɗiyata. Wataƙila tsawa ya jiyo daga garin Isa." Ya san abin da ya barbaɗa, ya kuma san abin da yake kallo.

Na ruga wurin matarsa, don ita ke da nono a gidan, makiyaya kuwa sukan ce in an ɗura wa dabba da wuri takan amayar da guba. Ta janye ƙwaryarta.

"Ba ni bari bakin kare shi taɓa min ƙwarya. Tahi ki nemo sakaina."

Na zaga bayan ɗakuna ina tonon juji. Kafin in dawo da sakainar ya daina rawa gaba ɗaya.

Ko nonon zai cece shi, Allah ne masani. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne an hana ni in gwada, saboda ƙwaryar da ruwa da ƙasa za su wanke.

Washegari matar Baffa ta aike ni in wanko ƙwaryar nan a gulbi. Na kife ta a kan dutse na taka da dudduge. Na sha duka har hannun Baffa ya gaji. Ga ni yau da furfura, su duka sun riga mu gidan gaskiya, ban ba su haƙuri ba.