Bencin Bayan da Na Zaunar da Mahaifiyata

Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe a ƙirjina. A ƙarshen shekarun saba'in ni budurwa ce a Lafia, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ga murya cikin mawaƙan coci, ga baki kamar reza. Na haddace ayoyi har ina ganin ni za a miƙa wa mabuɗin sama. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Mama ce ta riƙe mu, kuma da burukutu ta riƙe mu. Daga tukunyarta na yi makaranta, daga ita aka ɗinka mini rigar mawaƙan da nake taƙama da ita. Duk wannan ban gani ba, warin tsimin da ke bin zanena kawai nake ji, kunya tana cina.

Ba wani ne ya kai ƙararta gaban dattawan ikilisiya ba, ni ce. Suka sa ta a horo: ta koma bencin baya kusa da ƙofa, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai a coci, sai ta bar sana'ar. Mama ba ta yi musu ba. Ta fasa tukwanen da hannunta, ta koma sarin gishirin Keana tana kasawa a kasuwa. Bayan 'yan watanni dattawa suka ce horo ya ƙare. Ta dawo gida da murna, ta ciro farin ɗankwalinta domin jibin ranar Lahadi. A nan na ce mata dattawa mutane ne, su sun yafe, amma Allah ba ya mantuwa. Na ce ta tuna magidanta nawa suka sha a gidanmu suka koma suka doki matansu, ta gani ko 'yan watanni za su wanke wannan. Na faɗa ne don in nuna na fi dattawa tsoron Allah. Ta ninke ɗankwalin ta mayar cikin akwati.

Tun daga ranar Mama ba ta bar bencin baya ba. Kowace Asabar ita ce mai sharar coci, ita ke ɗebo ruwa, ita ke wanke ƙananan kofunan jibi ta goge su ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta ƙara kai ko ɗaya bakinta ba. Mutane suna yabon tawali'unta, ni kuwa har daɗi nake ji wai na gyara uwata.

Sai da na yi aure na haihu, wani tsohon fasto ya zo yana koyar da mu a zumuntar mata. Ya ce Allah ba ya karɓar mutum don ya wanke kansa, alheri ne yake bayarwa kyauta, bangaskiya kuma hannu ne kawai da ake miƙawa a karɓa. Ya ce wanda Almasihu ya baratar, wato ya mai da shi marar laifi a gaban Allah, ba shi da sauran abin da zai cika da aikinsa. Na tafi wurin Mama a rumfarta na mayar mata da maganar duka, na roƙe ta gafara. Ta yi dariya tana auna gishiri, ta ce ta yafe mini tun tuni, amma tausayin tsufanta ne ya sa nake sassauta mata. Na koma sau ba adadi, amsar ɗaya ce. Magana zarar bunu ce.

Daminar da ta gabaci mayar da Lafia babban birnin jiha, ciwo ya kwantar da ita. Fasto ya kawo mata jibi har gida, ya yi addu'a, ya miƙa mata gurasar. Ta datse leɓɓanta ta kawar da kai.

"Fasto, ka bari tukuna. Ban gama ba."

Na durƙusa ina kuka, na ce Mama, babu abin da za ki gama, an gama shi a kan gicciye tun ba a haife ki ba. Ta dafa kaina.

"Ke kin yi karatu, kin faɗa mini gaskiya tun farko. Kar ki canza don ina mutuwa."

Kafin Lahadi ta zagayo ta rasu. Muka sami farin ɗankwalin a ƙasan akwati da ninkinsa, da shi muka ɗaure mata kai.

Kowa yana ta'azantar da ni cewa alherin Allah bai tsaya a kan ko ta haɗiye gurasa ba, kuma na yarda. Amma ta yi shekaru tana tsoron Uban da ya riga ya karɓe ta, ta mutu cikin wannan tsoron, ni kuma na saka mata shi. Ku matasa masu zafin ibada, ku kula da bakinku, kada ku ƙara wa kowa sharaɗin da Allah bai sa ba, domin ranar da za ku so janyewa wataƙila ba za a yarda da ku ba. Har yau ina koya wa yara cewa ceto kyauta ne, suna kuma gaskatawa. Amma ranar jibi a bencin Mama nake zama, idan farantin gurasa ya iso gare ni sai in miƙa wa na kusa da ni ba tare da na ɗauka ba.