Sammani Turke da Bijimin Lami

A Darini idan ka ce Sammani, sai a tambaye ka wanne, domin sun kai biyar. Amma kana cewa Sammani Turke, ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa filin kokawa ba za ta nuna maka gidansa. Gajere ne mai faɗi, ƙafafunsa kamar turmi. Shekara tara ba wanda ya kayar da shi. Abin da masu yabonsa ba su cika ƙarawa ba shi ne, a bakwai daga cikin shekarun nan shi ma ba a ga wanda ya kayar ba.

Da ba haka yake ba. Kawunsa Gagare ne ya koya masa, tsohon ɗan kokawa wanda bai san wani amfaninta ba da ya wuce idan ƙato ya cafke ka a hanya, ka kai shi ƙasa ka yi ta kanka. A hannunsa Sammani ya iya sa ƙafa da ɗaga cinya, har ana tsoron shigarsa.

Sai shekarun wahala suka zo. 'Yan bindiga suka hana noman bakin daji, kokawar kaka da ake yi ƙauye-ƙauye ta mutu, don ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Wasu masu son wasa suka maido ta cikin Safana, da alƙali da usur da agogo. Minti biyar ake ba kowane kamu, wanda ya yi kaye ya ɗauki buhun masara. Idan lokaci ya cika ba kaye, a raba buhun biyu.

Sammani ya zauna ya yi nazarin wannan doka fiye da waɗanda suka kafa ta. Mai neman kaye dole ya ɗaga ƙafa, mai ɗaga ƙafa kuwa yana iya komawa gida da hannu biyu. Daga ranar, da an busa usur sai ya kafa goshinsa a kafaɗar abokin karawa, ya maƙale masa hannuwa, ya baje ƙafafu, ya tsaya. Makaɗa su yi ta kiɗa har hannu ya gaji. Mai gyaɗa ya zagaya fili sau biyu ya dawo ya same su yadda ya bar su. Nan sunan Turke ya samo asali.

Gagare yakan ce shi dai ya ga ɗan ƙanwarsa ya je Safana ya rungumi wani bawan Allah kamar wanda ya dawo daga Makka. Sammani kuwa sai ya tambaye shi cikin ladabi, tuwon da kawu ya ci jiya har da ƙari, da wace masara aka tuƙa shi.

Wata rana abokinsa Hamidu, wanda ke gadi a Legas, ya zo gida ya nuna musu wata kokawa a waya, wai ita jujitsu. Ƙarti biyu cikin fararen riguna sun kwanta a tabarma, kowa ya riƙe rigar ɗan'uwansa, wanda ke gaba da maki yana satar kallon agogo. Hamidu ya ce an faro ta ne don ƙaramin mutum ya ƙwaci kansa a hannun babba, gasa ce ta mai da wasu haka. Sammani ya kalla har ƙarshe, ya ce ashe yana da dangi a ƙasashen waje.

A gidan Sammani akwai bijimi ɗaya, na matarsa Lami, gadon mahaifinta. Ɗan'uwan bijimin ɓarayi sun kore shi tare da shanun gari shekara biyu da suka wuce, don haka da na maƙwabci ake haɗa shi a yi huɗa, yau gonar wannan gobe ta wancan. In aka rasa shi, geronsu sai dai ciyawa ta cinye.

Ranar wata Talata da damina, bayan azahar, Sammani ya ɗaure bijimin a gindin marke yana cire ciyawa. Gonakin gefe duk ba kowa. Sai ga mutum biyu, ba bindiga ba komai, irin ƙananan ɓarayin da suka gane cewa tsoro ya share musu fili. Dogon cikinsu ya yi sallama kamar mai tambayar hanya, yana matsowa ya kai cafka.

Jikin Sammani bai yi shawara da shi ba. Goshi a kafaɗa, hannuwa a maƙale, ƙafafu a baje. Dogon ya ja, ya tura, ya murɗa, ya ji kamar da kututture yake faɗa. Shi kuwa Sammani har ransa ya yi sanyi, yana ta ƙirga numfashi yadda ya saba, kunnensa na jiran usur.

Can dogon ya ce, yana haki, "Bawan Allah, ko ka kayar da ni ko ka sake ni. Wannan wane irin abu ne?"

"Yi haƙuri," in ji Sammani, "saura kaɗan."

Sai da maganar ta fita ya tambayi kansa, saura kaɗan me? Ya ɗago ido ta saman kafaɗar mutumin, ya hango ɗayan ya kwance igiya a natse, har ya kama hanyar Ruma da bijimin. Riƙon da yake taƙama da shi, shi ne aikin da dogon ya zo yi.

Ya laluba cikin kansa ya nemo sa ƙafar da kawu ya koya masa, ya same ta ta yi tsatsa. Ya dai ɗaga ƙafa ya saƙala. Suka tafi tare, Sammani ya riga isa ƙasa da mazaunai cikin taɓo, dogon ya wuce ta kansa ya dasa fuska a kunyar gero. Da a Safana ne, da an ba dogon buhu. A nan kuwa tashi ya yi yana tofar da ƙasa, ya faɗa cikin dawa.

Sammani ya bi ɗayan da gudu yana ɗingishi, jiki duk taɓo, yana kiran bijimin da sunansa. Bijimin ya ji muryar mai ba shi dusa, ya ja ya tsaya. Ɓarawon ya waiga sau ɗaya, ya auna faɗin abin da ke tahowa, ya saki igiya.

A gida Lami ta fara duba bijimin tukuna, daga ƙaho har kofato, sannan ta juyo.

"Maigida, to kai lafiya?"

Ya ce ƙugu ne kawai. Ta ɗora ruwan zafi, ta ce daga yau a cikin gida dabbar nan za ta ci, ko da ita ce za ta riƙa yanko ciyawar.

Washegari layin gonarsu ne. Maƙwabci ya kawo nasa bijimin aka haɗa, Sammani ya ɗaure ƙugu da rawani ya kama garma, suka yi huɗa har rana ta take.