Tsoho Khiem da Madarar Gwangwani

A garin Dak To ba wanda bai san hannuwan tsoho Khiem ba. Rawaya ne, kamar ya wuni yana dakan kurkur. Shekara talatin ya yi yana saran vang dang, itacen nan mai yaɗo da ɗan karen ɗaci, wanda ake fitar da ƙwayar berberin daga jikinsa. A saninsa maganin gudawa ne kawai. Yakan ce ba don shi ba, da rabin ƙasar nan har yau suna tsugune a bayan gida.

Abu ɗaya yake so bayan matarsa Luyen, wasu ma sun ce kafin ita: gahawar safe a rumfar Tam, da madarar gwangwani kwance a gindin kofi, kaurin yatsa biyu. Ranar da asibiti suka ce yana da ciwon suga, Luyen ba ta ko biya gida ba. Rumfar ta wuce, ta ce duk wanda ya ƙara ɗiga wa mijinta madara, da ita zai gamu. Sai da ya yi ta magiya ta ba shi wata uku: in awon suga ya sauka, madara ta dawo.

'Yarsu da ke Da Nang ta aiko da wata kwalba mai rubutun waje, wai mutane na sha don suga. Khiem ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya lasa, ya ji ɗacin vang dang, ya yi tsalle.

"Tsohuwa, zo ki gani! Abin da na sara ne ya je ƙasar waje, ya sa riga, ya dawo yana yi mini Turanci!"

"Haɗiye dai, ka daina surutu."

"Ni da na san uwarsa da ubansa? Danye zan je in ɗauko."

Ya ɗauki adda ya nufi dutse. Sai dai shi da abokansa sun daɗe da ƙarar da na kusa. Kullum ya yi awa uku yana hawa da sauka, ya dawo jiƙe da gumi, galibi buhu wayam.

"Ina maganin, sarkin daji?" in ji Luyen.

"Wasu marasa tausayi sun sare shi kaf."

"Na san ɗaya daga cikinsu. Ni nake wanke masa wando."

Ta zuba masa ƙwayar asibiti a tafin hannu, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye.

Da wa'adi ya cika, awo ya sauka. Khiem ya zaro wani guntun vang dang daga aljihu ya nuna wa malamar asibiti, yana ɗaga kafaɗa.

"Kawu, sau nawa ka sha shi?" in ji malamar.

"Sau huɗu ya samu," in ji Luyen. "Sauran duk yawo ne."

Malamar ta danne dariya. "To Kawu, kada ka bar ƙwayarmu, in ka sha wancan ka gaya mini. Neman kuma ka ci gaba. Fatana dai kada ka samu."

Washegari Luyen ta raka shi rumfar Tam, ta auna madara da kanta, cokali ɗaya. Khiem ya juya, ya kurɓa. Wata uku na baƙar gahawa sun sauya masa harshe: zaƙin ya doke shi har ƙeya.

"Yaya dai, maigida?" in ji Luyen.

Ya dubi Tam, ya dubi tsofaffin da suka zuba masa ido. Ya share ƙwalla, ya tura kofin gaba.

"Ƙaro."