Ƙwayar Carbin Inna

Akwai wata Babbar Sallah da ba na jin za ta taɓa fita a raina, ko da tsufa ya kwashe sauran. Ita ce Sallar da mahaifiyata ta tsaya a gaban baƙi ta yi wa ɗana gori, ni kuwa ina gefe ina yi wa Allah godiya.

Yaron ba ni na haife shi ba. Mahaifinsa direba ne daga arewacin ƙasar nan, shi ke kawo mana masara kasuwar Dantokpa. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, bayan shekara uku shi ma ya bi ta. Danginsa suka amince mu riƙe yaron, aka yi takardu, ni da matata muka kawo shi gidanmu na unguwar Zongo. Ya zo da tari da ƙuraje a ka, ba shi da ko katin rigakafi. Wata huɗu matata tana jigilar asibiti da shi har ya murmure, ya yi kumatu, ya fara kiranmu Baba da Mama ba tare da an koya masa ba.

Mutum ɗaya ce ta rage, wato Inna, mahaifiyata. Kowa ya san wasan kaka da jika. Jikokinta maza duk mazajenta ne a bakinta, kuma kowanne ragon miji ne. Tana ganin ɗan ƙanena za ta ce, "Kai mai kai kamar tulu, yau ma ba cefane? Sake ni in huta!" Su kuma su ɓoye mata takalmi, su ja mata mayafi, ta bi su da mafici. Amma idan ɗana ya shigo sai ta sassauta murya: "Sannu, bawan Allah. Ka ci abinci?" Ta zaɓo masa tsoka mafi kyau, ta shafa kansa, shi ke nan.

Na taɓa yi mata magana. Ta ce, "Maraya ne. In na yi masa wasa ya yi kuka, me zan gaya wa Allah?" Tsoronta na gaskiya ne. Sai dai yaro yana gani. Wata rana matata tana yi masa wanka ya tambaye ta, "Mama, ni me ya sa Inna ba ta aure ni ba?"

Ranar Sallar yana ɗan shekara biyar. Mun sauko daga idi, an yanka rago, tsakar gida ta cika da hayaƙi da ƙanshin suya. Jikoki suka yi wa Inna caa suna jan carbinta, zaren ya tsinke, ƙwayoyi suka watse. Ta tsayar da su a jere tana buɗe hannun kowa tana kiran shi ɓarawo. Ɗana ma ya shiga layin. Daga baya muka gane ya tsinci ƙwaya ɗaya ya tura a hanci, don idan ta zo kansa ta sha wuya kafin ta samu. Da ta iso gabansa sai ta yi murmushi ta wuce.

Bayan la'asar ya zo yana jan rigata, hanci ya kumbura, ƙwaya ta ƙi fita. Matata hannunta duk mai, ta rikice. Na saɓa shi zan fita sai ga Inna ta yafa mayafi. Na ce ta zauna, ta ce, "Carbina ne, tare za mu je." Muka tsayar da zemijan biyu, wato 'yan acaɓa. Rabon Inna da hawa babur ya kai shekara goma. Tun daga Zongo take riƙe da rawayar rigar mai babur ɗin tana salati har muka sauka.

Ranar hutu ce, ma'aikaciyar jinya ɗaya muka tarar a wani ƙaramin asibiti. Ta haska hancin, ta ce tana ganin ƙwayar, amma sai ya natsu. Sau uku tana kai ɗan ƙarfenta, sau uku yana fizgewa yana ihu. Ta ajiye ƙarfen ta gaya mini da Faransanci cewa idan ya ci gaba ƙwayar za ta ƙara shigewa, sai dai mu tafi babban asibiti a sa shi barci. Na fassara wa Inna. Na ga fuskarta ta sauya, na zaci addu'a za ta fara.

Sai ta riƙe ƙugu ta matsa kusa da gadon.

"Kai! Dubi ragon miji! Ɗan wannan ƙarfen kake wa kuka? Ka sace mini carbi, ka rasa inda za ka ɓoye sai wannan hancin naka mai kamar murhu? Wallahi na yi asarar aure!"

Kukan ya tsaya cak. Ya zuba mata ido, hawaye na bin kumatunsa, kamar bai yarda da shi take ba.

"Ni?"

"Da wa nake? Akwai wani ɓarawon a ɗakin nan?"

Ya ja numfashi, ya tattaro duk abin da ya shekara biyu yana ji a bakin 'yan'uwansa, ya ce, "Ke ma tsohuwa ce mara haƙori! Ba ki iya miya ba!"

"Ni ce ban iya miya ba? To daga yau ka ci ta uwarka!"

Ya ɗaga kai yana ƙyalƙyala dariya. Ma'aikaciyar ba ta jin Hausa, amma ta san aikinta. Kafin ya rufe baki ta sa ƙarfen, sai ga ƙwaya ta faɗa cikin tasa, ƙwal. Ta tambaye ni me tsohuwar ta ce masa. Na ce zaginsa ta yi. Ta dube ni, ta dubi yaron da ya riga ya maƙale a wuyan Inna, ta girgiza kai tana dariya.

Da za mu koma ya ƙi hawa babur ɗin da zan hau. Ya zauna tsakanin Inna da mai zemijan, ina biye da su ina jiyo faɗansu har ƙofar gida. Kafin mu shiga ya riga mu da gudu yana shela wa 'yan'uwansa: "Inna ta ce ni ragon miji ne!" Matata ta juya baya tana goge ido da gefen zane.

Yanzu yana aji huɗu a firamare, kuma ya saki Inna ya fi sau ɗari. Abin da ranar ta koya mini shi ne, lallaɓawa ma tana iya zama katanga. Baƙo ake yi wa ladabi marar yankewa. Yaron da ka ɗauka riƙo, bayan ci da sha da magani, yana jiran ranar da za a daina tausaya masa, a ja kunnensa kamar kowa, ya san ya iso gida.