Gwiwar da Na Ɗaure da Robar Keke

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekara da shekaru ana kira na Dokta a filin ƙwallo ina amsawa, alhali aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Faci ne sana'ata, rumfata tana Rafin Guza. Wata rana ina cikin 'yan kallo wani ɗan wasa ya faɗi, na ruga na kwara masa ruwa a ka, ya miƙe. Shi ke nan karatun likitancina. Washegari kulob ya ba ni bokiti da soso da riga mai tambari, wadda ta fi duk tufafina kyau.

Ga yadda aikin yake. In ɗan wasa ya faɗi, rafali ya yafito, ni ke rugawa. In na dudduba sai in waiwayi benci. In na juya hannuwa kamar mai naɗe zare, a canza shi. In na ɗaga babban yatsa, zai iya ci gaba. Koci ba ya musu. Wato yatsan mai faci ke yanke hukunci a kan ƙafafun 'ya'yan mutane, kuma babu wanda abin ya taɓa damu, balle ni.

Kyaftin ɗinmu ɗan unguwar Malali ne, dogo, mai tsaron baya, ba ya hayaniya. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, ya so ya gan shi a ofis, shi kuwa ya zaɓi ƙwallo ya mai da ita sana'a. Kaka biyar ya yi mana ba a taɓa ba shi jan kati ba. Ni kaɗai yake tsokana.

"Baba Dokta, yau wace taya za a yi wa allura?"

"Taka, ɗana, ranar da ta sace."

Sai ya yi dariya ya ƙwace sosona ya goge takalmi.

Ranar da abin ya faru, wasu mutum biyu daga wani kulob na ƙasar waje sun zo ganinsa, suna zaune a inuwa da littafi a hannu. Kowa ya sani. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai, ya sauko a kan ƙafar hagu. Ina daf da layi, na ji ƙarar. Ƙas, kamar an karya rake.

Da na ɗora hannu, gwiwar tana lilo kamar ƙafar keken da ƙusarta ta kwance. Ban yi boko ba, amma hannuna ya san abin da ya kwance. Na fara waiwayawa benci, sai ya damƙi rigata.

"Baba, don Allah. Suna kallo. Kada ka juya hannu."

"Ɗana, wannan ba ta tausa ba ce."

"Saura kaɗan a tashi. Ka ɗaure min kawai."

Bandeji ya ƙare mana tun wancan makon. Amma aljihun mai faci ba ya rabuwa da robar tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya da ita. A sana'armu duk abin da ya kwance, roba tana riƙe shi har a isa gida. Na shafa man zafi, na naɗa, na ja tamau, na jawo safa na rufe. Na ɗaga yatsa. Fili ya ɗauka, "Dokta! Dokta!" Ni kuma, Allah Ya yafe min, na ɗaga bokiti sama ina amsa gaisuwa har na koma mazaunina.

Ya yi gudu biyu ko uku. Faɗuwa ta biyu babu ƙara, babu wanda ya taɓa shi. Ya dai zauna a ƙasa yana kallon ƙafar kamar ta wani ce.

A asibiti likitan gaskiya ya sa almakashi ya yanke robar, ya ɗaga ta ya ce wa ya yi wannan. Ina bakin ƙofa, na shiga ƙirga fankokin silin. Ya ce da tun faɗuwar farko aka fitar da shi, da akwai gyara. Da mahaifin kyaftin ya juyo gare ni na ce, "Alhaji, wallahi ban san ta kai haka ba." Na rantse. Na yi ta maimaita wannan magana a rumfa, a wurin mai shayi, a gidan suna, har na kusa yarda da ita. Kyaftin kuwa bai taɓa gaya wa kowa ya roƙe ni ba, bai kuma taɓa cewa na sani ba. Mu biyu muka riƙe abin, ba mu taɓa buɗe shi ko a tsakaninmu ba.

Ya dawo bayan shekara, ya buga kaka biyu yana jan ƙafa, sannan ya ajiye takalmi ya koma koyarwa. Yanzu shi ne kocin wani kulob da ke atisaye a unguwar Kinkinau. An san shi da abu ɗaya: ɗan wasa na fara ɗingishi zai cire shi, ko da wasan ƙarshe ne. 'Yan kallo na zaginsa da matsoraci, ba ya ko waiwaye.

Ni na daina shan rake, don ƙarar karya shi tana tuna min da gwiwar. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce Juma'a. A masallacinmu akwai kujeru a gefen sahu na tsofaffin da ba sa iya durƙuso. A cikinsu kyaftin yake zama, furfura ko ɗaya babu a gemunsa. Ni da na isa in haife shi sai in kai goshi ƙasa garau, gwiwoyina ko ƙara ba sa yi, ina jin kujerarsa tana motsi a gefena. Na canza masallaci. Can ma ina jin ta. Na dawo.

Da damina ta wuce na je Kinkinau na raɓe a gindin bishiya ina kallon wasan sada zumunci. Kyaftin ya hango ni.

"Baba Dokta! Zo ka zauna, yau ba mu da taya."

Na zauna kusa da shi a benci, ya miƙe ƙafar hagu gaba yadda yake yi. Ana cikin wasa ɗan gabansu ya faɗi, ya yi wuf ya tashi yana ɗaga hannu wai lafiya lau. Koci ya ce a canza shi. Ɗan wasan ya zo bakin layi kamar zai yi kuka.

"Koci, wallahi zan iya. Don girman Allah, minti biyar."

"Fita. Je ka zauna."

Ya wuce yana jifa da riga. Na buɗe baki, na ji lokacin faɗin gaskiya ya yi, sai abin da ya fito shi ne wai rana ta yi zafi yau. Bai dube ni ba, idonsa na kan fili, ya faɗi maganar da har yanzu ban ba shi amsarta ba.

"Kowane ɗan wasa roƙo yake yi, Baba. Ai shi ya sa ake ajiye babba a bakin layi."